Emuleta da sha'awar tsofaffin kwamfutoci: Asali, yadda suke aiki da amfaninsu a ƙasar Hausa

Matashin da ya zauna a majalisa da yamma a Ƙofar Durbi cikin birnin Katsina, ya kwantar da wayarsa yana buga ƙwallon PES ta manhajar PPSSPP, ya riga ya sa ƙafa a cikin wata sha'awa mai mabiya a faɗin duniya, ko ya sani ko bai sani ba. Wasan da yake bugawa an yi shi ne domin PSP, na'urar wasan hannu da kamfanin Sony ya fitar a ƙarshen 2004 ya kuma daina ƙerawa a 2014. Manhajar da ke cikin wayar ita ce ke kwaikwayon waccan na'ura, har wasan ya ɗauka yana gidansa na asali. Irin wannan manhaja ake kira emuleta, wato makwaikwayiya.

Sha'awar tsofaffin kwamfutoci ta ƙunshi tattara na'urorin shekarun 1970 zuwa 1990, da gyara su, da rubuta musu sababbin manhajoji, da ƙera musu kayan haɗi na zamani, da kuma raya su a cikin wata na'urar ta hanyar emuleta. A Turai da Amurka da Japan, mafi yawan masu yin ta dattawa ne da ke begen ƙuruciya. A ƙasar Hausa, inda kwamfutar gida ba ta yaɗu ba a wancan zamani, amfanin dabarun nata ya fi karkata ga koyarwa da ceto rubuce-rubucen da suka maƙale a tsofaffin fayafai.

Zamanin kwamfutar gida

Kafin tsakiyar shekarun 1970, kwamfuta kayan gwamnati ce da jami'o'i da manyan kamfanoni, kuma ɗaki guda take cinyewa. A 1977 aka fitar da na'urori uku da talaka mai ɗan hali a Amurka zai iya saye ya kai gida: Apple II da Commodore PET da TRS-80. Ingila ta biyo baya da nata. Kamfanin Sinclair ya fitar da ZX81 a 1981 mai memori kilobayit ɗaya tak, sannan ZX Spectrum a watan Afrilun 1982, wadda aka sayar da ƙaramarta fam 125, babbar mai kilobayit 48 kuma fam 175. A watan Agustan shekarar ne Commodore 64 ta shiga kasuwa a kan dala 595. An ƙiyasta an sayar da tsakanin miliyan 12 da rabi zuwa miliyan 17 kafin kamfanin ya durƙushe a 1994, abin da ya sa ake lissafa ta a matsayin samfurin kwamfuta guda da aka fi saye a tarihi.

Siffarsu kusan ɗaya ce. Dukan na'urar tana cikin allon madannai, ana jona ta da talabijin ɗin gida, ana kuma adana aiki a kaset irin wanda ake sauraron waƙa ko wa'azi da shi. Loda wasa ɗaya a Spectrum kan ɗauki minti huɗu ko biyar rakoda tana ƙugi, kuma idan kaset ɗin ya ɗan tauna sai a sake daga farko. Lambar 64 da ke cikin sunan Commodore tana nufin kilobayit 64 na memori. Wayar da ke da gigabayit 4, wadda yau ake ganin ta masu ƙaramin ƙarfi ce, ta ninka wannan fiye da sau dubu 65.

Biyu daga cikin na'urorin zamanin suna da alaƙa ta kusa da mai karatu. Ta farko BBC Micro, wadda kamfanin Acorn ya ƙera a 1981 domin shirin gidan rediyo da talabijin na BBC na wayar da kan jama'a game da kwamfuta, ta kuma cika makarantun Ingila. Injiniyoyin Acorn ne suka zana firosesar ARM a 1985, kuma jikokin wannan firosesa ne ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau. Ta biyu ita ce Sakhr, wadda kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya gina a kan tsarin MSX na Japan, ya sa mata haruffan Larabci. Ta shiga gidaje da makarantu a ƙasashen Larabawa a shekarun 1980, kuma a kanta aka samar da ɗaya daga cikin manhajojin Alƙur'ani na farko.

Abin da ya iso ƙasar Hausa

Kwamfuta ta shigo Najeriya da wuri, domin tun a 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. Sai dai lokacin da kwamfutar gida ke tashe a waje ya zo daidai da faɗuwar farashin man fetur da tsuke bakin aljihu a nan, ga kuma shirin SAP na 1986 da ya karya darajar Naira. Gidan da ke fama da kuɗin makaranta ba zai yi zancen na'urar dala ɗari biyar ba. A 1988, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantu, aka fara da wasu kwalejojinta. Ga mafi yawan ɗalibai a Arewa, darasin a kan allo ya tsaya.

Abin da ya shiga unguwanni sosai shi ne gem. An fara da kwafin Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda asalinta ta fito a Japan a 1983, masana'antun Taiwan da Sin kuma suka yi ta kwaikwayonta suna sayarwa da araha, haɗe da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Wasu daga cikin kwafin har allon madannai gare su, ana tallar su a matsayin kwamfutar koyon yara. Firosesar da ke cikinsu dangin 6502 ce, wato gida ɗaya da ta Apple II da Commodore 64, don haka yaron da ya buga Mario a wancan lokaci ya taɓa zuciyar kwamfutar gida ba tare da an gaya masa ba. Daga nan Sega Mega Drive ta zo, sai PlayStation ta 1994 da PlayStation 2 ta 2000, waɗanda suka raya gidajen gem inda yara ke biyan kuɗi su yi layi, iyaye da malaman Islamiyya kuma suna kokawa.

A gefe guda kuma akwai bizines santa. Tun daga shekarun 1990, shagunan buga takardu a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato suka cika da kwamfutocin tebur na hannu, waɗanda aka fi sani da 'yan Beljiyam, masu aiki da MS-DOS da Windows na farko-farko. A nan aka buga kundayen kammala karatu da takardun kotu da katunan biki da ɗimbin littattafan Hausa. Idan ana neman tsohuwar kwamfutar da ƙasar Hausa za ta kira tata, to ita ce wannan.

Yadda emuleta ke aiki

Kowace firosesa tana da harshenta na umarni, kuma manhajar da aka rubuta da harshen wata ba ta gudana a kan wata. Aikin emuleta aikin tafinta ne. Tana karanta umarnin tsohuwar na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi zuwa abin da sabuwar ke fahimta, sannan ta kwaikwayi sauran sassan, wato mai zana hoto da mai fitar da sauti da mai karanta faifai, kowanne a kan lokacinsa. Wurin lokacin nan ne wahalar take. Masu rubuta wasannin da sun san na'urarsu ciki da bai, suna dogara da cewa abu kaza zai faru a daidai bugun kaza, saboda haka kuskuren ƙiftawar ido kan sa hoto ya wargaje ko sauti ya shaƙe. Shi ya sa kwaikwayon na'ura mai rauni ke buƙatar na'urar da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa ƙaramar waya ke ɗaukar zafi tana jan ƙafa a wasu wasannin.

Wasan kansa yana zuwa ne a matsayin fayil, kwafin abin da ke cikin kaset ko faifan asali. Shi ake kira ROM ko ISO.

Fitattun emuletoci kyauta ne, masu sa kai ne kuma ke rubuta su. VICE, mai kwaikwayon na'urorin Commodore, ta faro a 1993. MAME, wadda Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997, an kafa ta ne da niyyar adana tarihin na'urorin wasa kafin su ruɓe, yanzu kuma ta haɗa da dubban kwamfutoci. DOSBox ta fito a 2002 domin manhajojin MS-DOS. PPSSPP kuwa Henrik Rydgård ɗan Suwidin ne ya sake ta a watan Nuwamban 2012. PES na ƙarshe da aka yi wa PSP shi ne na 2014, amma har yau masu sha'awa na buɗe fayil ɗinsa suna sauya 'yan wasa da riguna da filaye su dace da kakar bana, ana tura wa juna daga waya zuwa waya. Wannan ma reshe ne na sha'awar, ko da masu yin sa ba su kira shi da sunan ba.

Ta fuskar doka, an bambanta emuleta da abin da ake sakawa a cikinta. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da kamfanin Connectix cewa nazarin na'ura domin a kwaikwaye ta bai saɓa wa doka ba. Amma wasanni da manhajoji suna da masu su. A watan Maris na 2024 masu emuletar Yuzu suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin, tasu kuwa tana kwaikwayon na'urar da ke kasuwa a lokacin. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Akwai dai tarin tsofaffin manhajoji da masu su suka yafe, ga kuma sababbi da ake rubuta wa tsofaffin na'urori ana rabawa kyauta.

Harshen BASIC da ɗalibin yau

Wanda ya kunna kwamfutar gida ta shekarun 1980 ba ya tarar da hotunan da zai latsa. Abin da ke jiransa shi ne fili da ɗan alama mai ƙyaftawa, na'urar tana sauraron umarni da harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba. Layi biyu sun isa a ga aiki. Idan aka rubuta 10 PRINT "SANNU", aka bi shi da 20 GOTO 10, aka ba da umarnin RUN, sai gaisuwar ta yi ta zuba a talabijin har a tsayar da ita. Mujallu kan buga manhaja sukutum a shafukansu, yaro ya kwafe ta harafi bayan harafi, ya yi kuskure, ya nemo kuskuren da kansa. Da yawa daga cikin manyan masu rubuta manhaja na Turai ta wannan ƙofa suka shigo.

BASIC bai mutu a Najeriya ba. Ya daɗe a manhajar darasin kwamfuta ta makarantun sakandare, an kuma sha yin tambaya a kansa a jarrabawar WAEC da NECO. Ɗalibai da dama sun haddace ma'anar LET da INPUT da REM, sun zana taswirar matakai a littafi, amma ba su taɓa ganin layi ɗaya ya gudana ba. Ko a makarantar da ke da ɗakin kwamfuta akan ci karo da cikas, domin QBasic, wanda ya zo tare da MS-DOS 5.0 a 1991, ba ya tashi kai tsaye a kan Windows na zamani mai bit 64. Maganin yana hannun masu sha'awar tsofaffin na'urori. DOSBox na tayar da shi a kan kowace kwamfuta, akwai ire-irenta na wayar Android, akwai kuma QB64 da aka sake rubutawa domin na'urorin yau. Malamin da ke da waya ɗaya zai iya zagayawa da ita aji, kowane ɗalibi ya ga abin da ya rubuta ya yi motsi. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, duk wata dama da za ta sa yatsun ɗalibi su saba da madannai ba abin rainawa ba ce.

Sababbin kaya ga tsofaffin na'urori

Ƙarfe da roba suna tsufa. Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne sassa masu motsi, wato rakoda da injin karanta faifai, don haka a nan masu ƙira suka fi mayar da hankali. SD2IEC na bai wa Commodore 64 damar karanta katin memori irin na waya, DivMMC na yi wa Spectrum wannan aiki. Gotek ɗan akwati ne da ake cusawa a gurbin injin fulofi, na'urar ta ɗauka faifai take karantawa alhali filash ne. Akwai kuma akwatunan da ke juya hoton tsohuwar na'ura ya dace da talabijin na bango. Masu son abin ya zo daidai da na asali sukan koma ga MiSTer, aikin da aka fara a 2017, wanda ke sake gina da'irorin tsohuwar na'ura a cikin wani guntu da ake iya sauya wa tsari. Masu neman sauƙi kuma Raspberry Pi suke saye, 'yar kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, su cika ta da emuletoci.

Gotek na da kasuwa a wajen da ba a zata ba. Fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda a kansa aka gina kiɗan finafinan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990, da yawansa irin su PSR-730 da PSR-2100 da fulofi suke adana kiɗa. Mai irin wannan fiyano da injin faifansa ya mutu zai iya maye gurbinsa da wannan akwati.

Duk wanda tsohuwar na'ura ta faɗo hannunsa, kada ya yi gaggawar jona ta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma na'urar da aka yi wa can tana ƙonewa nan take idan babu transfoma. Tsohon akwatin wutar Commodore 64 ya yi ƙaurin suna wajen sakin wuta fiye da kima idan ya tsufa, ya kashe na'urar da yake ciyarwa. Batirin da ke manne a allon tsofaffin kwamfutocin tebur kan yi yoyo ya cinye layukan tagulla. Ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi duk suna ƙara nasu. Mai gyaran rediyo da talabijin na unguwa, wanda ya saba da dalma da mita, ya fi mai gyaran waya dacewa da wannan aiki, saboda sassan manya ne, ana ganin su da ido, ana cire su ɗaya-ɗaya.

Fayafan fulofi da haruffa masu ƙugiya

Inda maganar ta fi shafar Hausa shi ne rubutu. Kwamfutocin farko an yi su ne da haruffan Ingilishi, babu ɓ da ɗ da ƙ. Masu buga takardu sukan bar su ba ƙugiya, ko su bi da biro suna lanƙwasawa bayan an buga. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffan Hausa da aka sani da Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yaɗu a wajen marubuta da maɗaba'u da jami'o'i. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari wani madanni da Hausa ba ta cika buƙata ba, a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya. Wasu sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomin baka.

Dabarar ta yi aiki, amma ƙugiyar a zubin take zaune, fayil ɗin bai san da ita ba. Da zarar an buɗe rubutun a na'urar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu. Sunan Ƙofar Durbi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, wadda ta ci sunan sarautar Durbi ta masu zaɓen sarki, sai ya koma Qofar Durbi ko {ofar Durbi. Kalmar waɗanda ta zama waxanda ko wa]anda. Duk mai karanta maƙalun Hausa a intanet ya sha cin karo da irin wannan. Tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya ƙunshi haruffan Hausa tun farkon shekarun 1990, amma an daɗe kafin manhajoji da madannai su kama. Gyaran tsohon rubutu ba shi da wuya, umarnin nemo da musanyawa ne, sai dai a kula da kalmomin Ingilishi da sunayen baƙi da ke ciki, kada a mayar da kowace v ta zama ɓ.

Wannan idan an iya buɗe fayil ɗin ke nan. Littattafan adabin kasuwar Kano da kundayen digiri da mujallu da takardun ƙungiyoyi na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, da yawansu a fulofi aka adana su, faifan da ke ɗaukar megabayit 1.44, wanda hoton waya ɗaya ya fi ƙarfinsa. Katin memori mai gigabayit 32 zai haɗiye fiye da irinsa dubu 20. Kamfanin Sony ya daina yin fulofi a 2011. Rubutun da ke kansa maganaɗisu ne, yana dusashewa da shekaru, zafi na gaggauta shi, danshin damina na sa masa fumfuna, kusantar lasifika kuma na iya share shi. Littafin da aka buga dubu biyu a takarda mai araha, aka karanta har ya yage, wani lokaci faifan nan ne kaɗai cikakken kwafinsa da ya rage.

Matakan ceto sanannu ne a wajen masu wannan sha'awa. Ana fara duba faifan da ido, a zame murfin ƙarfen a ga ko akwai fumfuna, domin faifai mai datti na ɓata kansa ya ɓata injin. Sai a buɗe 'yar tagar da ke kusurwarsa, wadda ke hana a yi rubutu a kai. Injin fulofi mai jonuwa ta USB ya isa ga faifan kwamfutar tebur mai lafiya, kuma abin da ya fi shi ne a kwafe faifan ɗungurungum a karo ɗaya maimakon a yi ta buɗe fayil ɗaya-ɗaya. Faifan da ya fara lalacewa, ko babba mai inci biyar da kwata, ko na wata na'ura daban, yana buƙatar ɗan allo irin Greaseweazle, wanda ke ɗauko zanen maganaɗisun kansa a bar fassara sai daga baya. Bayan nan sai buɗewa. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana karanta fayilolin WordPerfect da tsohon Word. Aikin da aka tsara da PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce ta 2001, ya fi kyau a buɗe shi a cikin tsohon Windows da aka tayar ta emuleta irin 86Box, tare da zubin haruffan da aka yi aikin da shi. Saboda haka duk wanda ya samu tsohuwar kwamfutar bizines santa, ya kwafe jakar zubin haruffanta tun kafin ya taɓa komai.

Babban abokin takarar mai ceto shi ne ɗan gwangwan. Tsohuwar kwamfuta a wajensa tagulla ce da alminiyam da allon da ake saye a kan sikeli, faifan da ke cikinta kuma, mai ɗauke da aikin shago na shekara goma, da guduma ake fasa shi. Katsina na da wuraren da za su iya karɓar irin waɗannan kaya, daga sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, zuwa gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Kayan aikin da ake buƙata a fara, wato injin fulofi ɗaya da ɗan allon karantawa da kwamfutar ofis, ba su kai kuɗin matsakaiciyar waya ba.